Muryar Ubbo a Shagona

Ran da na fara jin Ubbo
ina yanka shaddar wani falke,
almakashi ya kauce, na ɓata hannun riga.
Saliyu ne ya kunna ta a wayarsa,
yaron shagona, mai kunnen ƙashi.
Na ce, wannan waƙa ce ko injin markaɗe?
Murya ta bi ta cikin na'ura
ta fito kamar sauro a gwangwani.
Ya yi dariya, ya rage sauti.
Na juya baya, ya ƙara.

Shekara biyu muna haka a Lopere.
Duk babur ɗin da ya wuce, Ubbo.
Teburin mai shayi, Ubbo. Gidan biki, Ubbo.
Har 'yata Dudu, da ba ta iya ɗaura zane ba,
ta iya amshi.
Na ce wa maƙwabta, kifin Binuwai
ya fi ta sanin amfanin baki.
Suka ce tsufa ne, Baba Hamajam.
Na ce na ji, tsufa ne.

Sai Saliyu ya ajiye allura
ya bi wata tirela mai zuwa Njamaina.
Wata uku, in ji shi.
Ya bar mini tsohuwar wayar, fuskarta a tsage,
wai in riƙa jin labarai.
Maris ya sauka a Garwa da zafinsa,
kwalta na laushi, wuta na ɗaukewa,
shago ya yi tsit, keken ɗinki ma ya yi barci.
Ban san maɓallin da na taɓa ba.

Waƙar da na zaga ce. Ita ɗin dai.
Amma babu babur, babu yaro mai dariya,
sai kalmomin suka iso:
wata uwa na ƙirga motoci a bakin gada
tana cewa ta gaba ce, ta gaba ce.
Rabi Fillanci, rabi Hausa,
Faransanci kaɗan, kamar gishiri.
Ashe shekara biyu ganga nake ji,
ban taɓa jin yarinyar ba.
Na maimaita har batir ya mutu.
Ban gaya wa kowa ba.

Da na fara sonta sai ta ba ni kunya.
Hotonta ya hau allon talla a mararraba,
tana murmushi da dunƙulen miya a hannu.
Ta ɗauko waƙar uwar nan da gadarta
ta cusa sunan kamfani a ciki.
Na ce ashe da gaskiyata tun farko.
Na tura wayar ƙarƙashin ƙyallaye.

Bara na gan ta, ido da ido,
a layin karɓar magani na babban asibiti.
Gajera ce, ashe.
Silifas, gyale ya koɗe,
hannu ɗaya na tallafe da wani tsoho mai kyarma,
ɗayan na juya sefa, tana ƙirgawa tana sakewa.
Yara sun koma wa wani mawaƙin yanzu,
ba wanda ya waiga.
Tsohon ya fara nishi.
Ta sunkuya kusa da kunnensa, ta rera masa wani abu,
ba na'ura, ba ganga,
muryar da ɗan kaushi a gefe
kamar yadin da ba a daje bakinsa ba.

Na so in ce mata, na taɓa zaginki.
Na so in tambaya ko kuɗin dunƙulen nan
a wannan taga suka ƙare.
Aka kira lambata.

Wata ukun Saliyu sun zama damina huɗu.
Ya bugo da sallah, yana Kusuri yanzu.
Ya ce, Baba, har yau kana ƙin Ubbo?
Na ce sababbin waƙoƙinta ba su da daɗi.
Layi ya yi shiru, ina jin hon ɗin motoci a bayansa,
sannan ya ce,
ashe ka san tsofaffin.